Kwana goma tsakanin dajin Serengeti da bakin tekun Zanzibar: ta ina za a fara?

Tambaya: Ni da maiɗakina muna da hutun kwana goma. Muna son mu haɗa kallon namun daji a Tanzaniya da hutawa a bakin teku a Zanzibar, har da zagayen ƙananan tsibirai. Wane lokaci ya fi dacewa, yaya za mu raba kwanakin, kuma me za mu kiyaye?

Malam, kwana goma sun isa, muddin ba ku ɗora wa kanku ganin komai ba. Yawancin masu dawowa daga irin wannan tafiya da ƙorafi, in ka bi diddigin maganarsu, rashin dacewar lokaci ne ya cuce su. Wani ya biya kuɗi mai yawa ya je inda garken dabbobi ya tashi tun wata biyu da suka wuce. Wani ya kama otal a gaɓar da ruwa ke janyewa tun hantsi, ba ya dawowa sai la'asar. Wani kuma rabin hutunsa ya ƙare a kujerar mota. Duk waɗannan ana iya kauce musu tun ana gida, kafin a biya ko sisi.

Ku fara da daji, ku ƙare da teku. Safari, wato zagayen kallon namun daji a mota, aiki ne: tashin asuba, wuni cikin mota a hanya mai gargada, ga ƙura ga rana. Bayan kwana huɗu ko biyar a haka jiki yana neman inda zai miƙe, kuma a nan ne bakin teku ke yin daɗinsa. Akwai kuma dalili na lafiya. Wanda ya yi nutso mai zurfi da tukunyar iska ba ya hawa jirgin sama ko tudu mai tsawo sai bayan awa 18 zuwa 24, domin iskar naitirojin da ta narke a jini tana yin kumfa in matsin iska ya ragu da sauri. Bakin kwarin Ngorongoro, da ke kan hanyar Serengeti, ya haura mita 2,200 daga matakin teku, saboda haka tashi daga nutso kai tsaye zuwa can ganganci ne.

Arewacin Tanzaniya da Zanzibar suna da damina biyu. Babbar, wadda suke kira masika, tana kamawa daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu. A lokacin baƙar ƙasar Serengeti tana zama taɓo mai danƙo da ke riƙe mota, wasu masaukai suna rufewa, Zanzibar kuma tana iya yin kwanaki ana sheƙa ruwa. Farashi yana sauka sosai, amma ga mai kwana goma kacal ban ga ribar ba. Ƙaramar, vuli, tana zuwa a Nuwamba da farkon Disamba, galibi ruwa ne na ɗan lokaci da yamma, ba ya hana fita. Lokutan da daji da teku suka fi haɗuwa da kyau biyu ne: ƙarshen Yuni zuwa Oktoba, da kuma Janairu zuwa Fabrairu. A rani ciyawa tana gajarcewa, ruwa yana ƙaranci, dabbobi suna taruwa a bakin kogi, ido yana ganin nesa.

Abin da ya fi jan mutane zuwa Serengeti shi ne ƙaurar nyumbu. Nyumbu sunan Suwahili ne na wata dabba dangin kanki, mai gemu da ƙaho irin na saniya. Sun fi miliyan ɗaya, suna tafiya tare da dubban ɗaruruwan jakunan dawa da bareyi, suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa shekara a zagaye. To amma Serengeti faɗinta kusan murabba'in kilomita 14,750 ne. Mutum na iya kwana uku a cikinta garken yana nisan tafiyar awa biyar daga gare shi. Daga Janairu zuwa Maris suna kudu, a filayen Ndutu, inda suke haihuwa, Fabrairu ce ganiyar abin, kuma haihuwar tana jawo zakuna da kuraye da rabbi. Wajen Mayu da Yuni suna hawa ta tsakiya da yamma zuwa kogin Grumeti. Daga Yuli zuwa Oktoba suna arewa, yankin Kogatende, suna tsallaka kogin Mara zuwa Kenya suna dawowa. A Nuwamba su sake gangarowa. Saboda haka a fara tsayar da watan tafiya, a gano inda garken yake a watan, sannan a nemi masauki kusa da wurin. Wanda ya fara da zaɓen masauki saboda kyawun hotonsa ya juya aikin.

Tsallaken kogin nan da ake nunawa a talabijin ba shi da jadawali. Garke na iya taruwa a bakin gaɓa tun safe, ya yi ta kai-komo, da la'asar ya juya baya. Mai son ganinsa yana bukatar kwana biyu ko uku a arewa, da haƙuri, da direban da ya san a tsaya nesa har dabbar farko ta faɗa ruwa, don motar da ta matso da wuri tana tarwatsa su. In ba wannan ne burinku ba, tsakiyar Serengeti, wato Seronera, ya wadatar: akwai ruwa duk shekara, zakuna da damisa mazauna wurin ne, ba sa bin ƙaura.

Ga rabon da ya fi tsayuwa da ƙafarsa. Ranar farko ku sauka filin jirgin Kilimanjaro, kimanin kilomita 50 daga Arusha, ku kwana a garin. Rana ta biyu Tarangire, tafiyar awa biyu da ɗan kai, wurin giwaye da manyan itatuwan kuka. A rani babu inda ya fi shi yawan giwa a arewacin ƙasar. Ku kwana a Karatu. Rana ta uku da asuba ku sauka kwarin Ngorongoro, da rana ku wuce Serengeti. Ta huɗu da ta biyar cikakku a Serengeti. Ta shida ku hau ƙaramin jirgi daga filin Seronera zuwa Zanzibar, ku kwana a tsohon birninta, wato Stone Town. Bakwai, takwas, tara a bakin teku. Ta goma gida.

Jirgin nan na rana ta shida shi ne ginshiƙin tsarin. Daga Seronera zuwa Arusha ta mota awa bakwai zuwa takwas ne, rabin hanyar tsakuwa ce, kuma dole a sake ratsa yankin Ngorongoro, a sake biyan kuɗin shiga ko da wucewa kawai za a yi. In kuka lissafa wannan kuɗin, da kwanan otal a Arusha, da tikitin Arusha zuwa Zanzibar, za ku ga bambancin bai kai yadda ake tsoro ba, kun kuma tsira da yini guda. Sai dai ƙananan jiragen suna da ƙa'idar kaya: kilo 15 ga mutum, galibi har da jakar hannu, kuma jaka mai laushi, domin akwati mai tauri ba ya shiga ma'ajiyar jirgin. Wanda ya zo da babban akwati sai ya bar shi a Arusha, alhali ba ta nan zai koma ba. Ku haɗa kaya tun daga gida da wannan ma'auni.

Akwai wani lissafi da kamfanoni ba kasafai suke bayyana wa baƙo ba. Izinin shiga waɗannan gandaye na awa 24 ne, daga lokacin da aka buga shi a ƙofa. In kuka shiga Serengeti ta ƙofar Naabi da ƙarfe uku na rana, kuna da izinin kwana uku, wa'adinku yana cika ƙarfe uku na ranar fita; in kuka wuce, kuɗin wata rana ya hau kanku. Shi ya sa a tsarin da na faɗa ake shiga yankin Ngorongoro ta ƙofar Loduare da asuba, a sauka kwari, a fice ta ɗaya ɓangaren a rana guda da izini ɗaya. Sauka cikin kwarin yana da nasa kuɗin daban, kusan dala 300 a kan kowace mota, a kowace saukowa. Kwana a cikin gandu ma yana da kuɗinsa ban da na masauki. Da ka tara waɗannan za ka gane dalilin da ya sa safari na gaskiya a arewacin Tanzaniya, ko da na kwana a tanti ne tare da wasu, da wuya ya gaza dala 200 a rana ga mutum ɗaya. Wanda ya yi muku tayin rabin haka, wani abu zai yanke: ko ya kwanar da ku nesa da gandu, ko ya rage awannin zagaye don tattalin mai, ko ya cusa mutum takwas a motar mutum shida.

Kwarin Ngorongoro dutse ne mai aman wuta da ya rufta cikin kansa, zurfinsa kimanin mita 600, faɗin ƙasansa kusan murabba'in kilomita 260. Nan ne kuka fi yiwuwar ganin karkanda, ko da daga nesa. Raƙumin dawa kuwa ba za ku gan shi a ciki ba, sai a hanyar Serengeti. Ku kasance a ƙofa ƙarfe shida. Zuwa goma motoci sun cika, zakuna sun kwanta. Ku riƙe rigar sanyi mai kauri, domin a Yuni da Yuli sanyin bakin kwarin yana sauka ƙasa da digiri 10, ga hazo. A wurin cin abinci na bakin tafki shirwa tana fizge abinci daga hannu, tana kuma yanka yatsa. Ku ci a cikin mota. A ƙofar Loduare birai suna shiga mota ta tagar da aka bari buɗe.

Wajen zaɓen kamfani, ku nemi lasisinsa na hukumar yawon buɗe ido, ku duba ko memba ne na TATO, ƙungiyar kamfanonin yawon buɗe ido ta Tanzaniya. Ku sa a rubuto muku sunan kowane masauki, yawan mutanen da za su shiga motar, ko kowa yana da taga, ko kuɗin ƙofa da na kwari suna ciki, ko akwai iyaka a kan kilomita, da abin da za a yi in mota ta lalace a daji. Kafin alƙalami na kashi 20 zuwa 30 abu ne da aka saba. A biya shi cikin asusun kamfani, kada a tura wa wani mutum da sunansa. Amma duk wannan bai kai muhimmancin direba ba, don shi ne jagora. Mai ilimi yana karanta sawu, yana jin kukan gargaɗin birai ya san damisa na kusa, yana kashe inji ya jira. Maras ilimi yana bin rediyo daga cunkoso zuwa cunkoso. Ku tambayi shekarunsa a aikin da harshen da yake ji. Tukuicinsa al'ada ce tabbatacciya a can, ana ba shi a ƙarshen tafiya, ku sa shi cikin lissafi tun farko.

Dabbobi suna motsi da sanyin safiya da na yamma, daga shida zuwa tara, sannan daga huɗu zuwa faɗuwar rana. Ku roƙi a ɗaure muku karin kumallo ku fita da shi, maimakon zaman jiran shayi har takwas. Ba a sauka daga mota sai a wuraren da aka keɓe, don haka bukatar banɗaki da salla a gaya wa direba da wuri ya tsara hanya. Dabba tana ɗaukar mota abu guda ne maras haɗari. Hannu ko kai da ya leƙo, ko ihu, shi ke ɓata wannan fahimta. Giwar da ta baza kunne tana kaɗa kai tana gargaɗi ne, musamman mai ɗa. A masaukin tanti babu shinge: bayan magariba ba a fita sai da mai rakiya, ba a ajiye abinci a tanti, ba a barin takalmi a waje saboda kura. Kowannenku ya riƙe madubin hangen nesa nasa, mai lamba 8x42 ya isa. Mutum biyu da madubi ɗaya, ɗaya ne zai ga damisar.

Tufafi masu launin ƙasa ko toka suka fi. Baƙi da shuɗi mai duhu suna jawo ƙudan tsando, wanda ke da yawa a Tarangire da yammacin Serengeti, cizonsa yana ratsa riga mara kauri. Kayan da suka yi kama da na soja kuma a bar su a gida.

In kuɗi ko lokaci bai kai ga arewa ba, akwai gandun Nyerere, wanda aka yanka daga gandun Selous a 2019, ƙasa da awa ɗaya a jirgi daga Zanzibar. Can ana zagaye a jirgin ruwa kan kogin Rufiji tsakanin dorina da kada. Ana tallan zuwa a dawo a rana ɗaya, amma mai yin haka yana isa bayan dabbobi sun shiga inuwa, yana tashi kafin su fito. Kwana biyu ne mafi ƙaranci.

Takardu da lafiya a fara su wata uku kafin tafiya. Fasfo ya rage masa aƙalla wata shida. Biza ta yawon buɗe ido dala 50 ce ga 'yan ƙasashe da yawa, ana nemanta ta intanet, amma akwai jerin ƙasashen da ba a ba 'yan cikinsu biza a filin jirgi, sai an tura takardunsu an amince tukuna, abin da kan ɗauki makonni. Ku duba shafin hukumar shige da ficen Tanzaniya, kuma kada ku sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin amincewa ta fito. Wanda ya taso daga ƙasar da ake samun cutar shawara, ko ya yada zango a cikinta fiye da awa 12, za a nemi katin rigakafinsa. Allurar tana fara aiki bayan kwana 10, kuma tun 2016 sau ɗaya ta wadatar har ƙarshen rayuwa. Zazzaɓin cizon sauro yana nan a daji da tsibiri. Likita ne zai zaɓa muku maganin kariya, amma ku san bambancinsu: atovaquone-proguanil ana fara shi kwana ɗaya ko biyu kafin shiga, a ci gaba kwana 7 bayan fita; doxycycline sai an ci gaba mako huɗu, yana sa fata saurin ƙonewa a rana, kuma ba a ba mai ciki. Ga mai shirin kwana uku a bakin teku wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Duk zazzaɓin da ya zo bayan dawowa a yi gwaji a ranar.

Zanzibar tana da nata shingen shiga ko daga babban yankin ƙasar kuka fito, fasfo ya kasance a hannu. Tun 1 ga Oktoba 2024 kowane baƙo sai ya sayi inshorar hukumar inshora ta Zanzibar, dala 44, ko da yana da wata. Ku saye ta ta intanet kafin ku iso, ku huta da layi. Jakar leda haramun ce a ƙasar tun Yuni 2019. Takardun dala tsofaffi, na kafin 2009, ko masu yagewa, ana ƙin karɓarsu. Cefanen yau da kullum kuma da shilin ake yi.

Yanzu batun da ya fi ɓata wa mutane hutu a tsibirin: cikar teku da janyewarsa. Ruwa yana cika sau biyu, ya janye sau biyu a kusan kowace rana, lokacin kuma yana jinkirta da kimanin minti 50 kullum. Ƙarfin abin yana bin wata. A tsayuwar wata da kuma wajen daren sha huɗu, tazarar cika da janyewa tana kusan mita huɗu. A wajen bakwai ga wata da ashirin da biyu tana raguwa sosai. Gaɓar gabas, wato Matemwe, Kiwengwa, Paje da Jambiani, shimfiɗaɗɗiya ce, da shingen murjani can nesa. In ruwa ya janye a manyan kwanakin yana iya komawa baya ɗaruruwan mita, wani wuri har kilomita, kuma janyewar takan faɗo tsakanin hantsi da tsakar rana, daidai lokacin da baƙo ke son wanka. A arewa, Nungwi da musamman Kendwa, gaɓar tana da gangare, ana iyo kusan kowane lokaci. Saboda haka in burinku shiga ruwa duk sa'ar da kuka ga dama, ku je arewa, ku yarda da yawan jama'a da kiɗan dare. In shiru kuke so da farin yashi mai faɗi, ku je gabas, ku sauke jadawalin cikar ruwa na kwanakinku a waya ku tsara yini a kansa. Janyewar ma tana da nata kyau: a lokacin ne mata ke fita gonakinsu na ciyawar teku, ana kuma iya takawa har kusa da shingen murjani. Sai dai a tafi da ɗan gari, a juyo da zarar ruwa ya fara dawowa, don yana cika ramuka na bayanka kafin ya iso gabanka.

Iska ma tana da nata lokaci. Kusi tana kaɗawa daga kudu maso gabas wajen Yuni zuwa Satumba, kaskazi daga arewa maso gabas wajen Disamba zuwa Fabrairu. Kowacce takan ƙaru da rana, don haka duk fitar jirgin ruwa a yi ta da safe.

A kwana uku, fita biyu sun isa. Tsibirin Changuu, da ake kira Prison Island, rabin awa ne daga tsohon birni. An gina kurkuku a kansa a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, wurin killace masu cuta ya zama. Abin kallonsa manyan kunkuru ne da aka kawo asalinsu daga Seychelles a 1919. Ana haɗa shi da Nakupenda, tudun yashi tsakiyar teku da ruwa ke rufewa in ya cika, ba shi da inuwa ko ɗaya sai rumfar da masu jirgi suka kafa. Wannan fitar a yi ta safiyar da kuka kwana a birni, kafin ku wuce bakin teku. Mnemba, a arewa maso gabas, ita ce wurin kallon kifi da gilashin ido da bututun numfashi. Tsibirin kansa na masu otal ne, ba a sauka a kai, a ruwan kewayensa ake iyo; daga Matemwe ya fi kusa, kuma wanda ya isa kafin takwas yana riga tarin jirage. Dajin Jozani yana kan hanyar Paje, gidan jan birin nan da babu irinsa a duniya sai Zanzibar, gonakin kanumfari da kirfa da masoro kuma suna kan hanyar arewa. Kowanne a tsaya a gan shi ranar ƙaura daga birni, kada a ware masa yini.

Kallon dolfin, dabbar teku mai kama da babban kifi, a Kizimkazi da ke kudancin tsibirin da kewayen Mnemba ina da ja a kansa. Yadda aka fi yin sa, jirage goma ne ke bin garke ɗaya a guje, mutane suna tsalle a kansu, dabbar tana neman hutu ana hana ta, farfela kuma tana yawo kusa da masu iyo. In za ku je, ku zaɓi mai jirgin da ke kashe inji ya bar su su matso da kansu. Haka kada a ɗaga tauraron teku daga ruwa don hoto, kada a taka murjani. Fita da murjani ko ƙoƙon kunkuru ko hauren giwa daga ƙasar laifi ne.

Kafin ku taka kowane jirgi, ku ƙirga rigunan kariya da idonku, ku ƙirga mutane. Ku duba akwai rumfa, akwai tsanin hawowa daga ruwa, akwai waya mai caji. In lodi ya yi yawa ku sauka ko kun biya. Nutsewar jirgin Spice Islander tsakanin Unguja da Pemba, manyan tsibiran Zanzibar biyu, a 2011, da ta ci ɗaruruwan rayuka, lodi ne silarta. Wanda bai iya iyo ba ya faɗa tun a gaɓa, ya sa riga kafin a tashi, kada kunya ta hana. Masu tallan yawo a bakin yashi suna da araha, wasunsu ma ƙwararru ne, amma kada a biya duka sai an ga jirgin, kuma a tabbatar kuɗin shiga yankin kariya yana cikin farashi. Mai saurin jiri ya sha magani awa ɗaya kafin tashi, ya zauna a tsakiya yana kallon nesa.

A cikin ruwa, takalmin roba mai kauri yana kare ƙafa daga bushiyar teku, wata halitta mai baƙaƙen ƙayoyi da ke karyewa cikin fata. In ta soke, a jiƙa ƙafar cikin ruwan zafi gwargwadon jurewa minti 30 ko fiye, a cire abin da ya fito, wanda ya shige kusa da gaɓa a kai asibiti. In igiyar ruwa ta ja ku zuwa cikin teku, kada ku yi kokawa da ita. Ku yi iyo a gefe, daidai da layin gaɓa, har ku fita daga cikinta. Rana kuwa tana ƙona kowace irin fata a nan, musamman baya da wuya lokacin da aka kifa ana kallon kifi. Riga mai dogon hannu ta fi kowane mai, man kuma a sake shafa shi bayan awa biyu.

Mutanen Zanzibar kusan duk Musulmi ne. Kayan wanka na bakin otal ne. A gari da ƙauye a rufe kafaɗa da gwiwa, a nemi izini kafin ɗaukar hoton mutum. A watan azumi gidajen abinci da yawa a birni ba sa buɗewa da rana. Tsohon birnin, Stone Town, yana cikin wuraren tarihi na UNESCO tun 2000, kuma yamma ɗaya da safiya ɗaya sun isa a ga ƙofofinsa masu sassaƙa, kasuwar Darajani, da wurin tsohuwar kasuwar bayi da aka rufe a 1873. A kasuwar dare ta Forodhani ku zaɓi abin da aka gasa ɗanye a gabanku, don kifin da ya daɗe a tire ana ɗumama shi shi ke kwantar da baƙi.

Ku nemi tikitin da ke sauka a Kilimanjaro ya tashi daga Zanzibar, don kada ku koma baya. In dole sai ta Darussalam, jirgin ruwan fasinja awa biyu ne, jirgin sama minti 20, amma na ruwa ba ya tafiya da dare, kuma a lokacin kusi hanyar komawa tana da girgiza. Ku tsallaka kwana ɗaya kafin jirginku, ko aƙalla da na safe. Daga Nungwi zuwa filin jirgin Abeid Amani Karume awa ɗaya da rabi ne in hanya ta yi kyau; ku ware biyu, ku tsayar da motar tun daren jiya, kuma in akwai nutso a shirinku, ya ƙare a rana ta takwas.